Ɗana gwani ne a aji, me ya sa gasar lissafi ta kayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji biyar na firamare, kuma tun daga aji uku shi ke zuwa na ɗaya a lissafi. Kwanan baya makarantarsu ta kai su wata gasa ta tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, ya dawo gida yana hawaye, wai ko rabin tambayoyin bai taɓa ba. Ina matsalar take, kuma ta yaya zan taimake shi? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwar yaronki lafiyarta ƙalau. Na daɗe ina shirya yara irin wannan gasa a nan cikin gari, kuma sau da yawa mai zuwa na ɗaya a aji shi ya fi shan mamaki ranar farko. A aji malam kan nuna hanya a allo, yaro ya bi ta sau ashirin har ta zauna masa. A gasa kuwa ba a ba shi hanya. Tambayar kawai ake ajiye masa, shi zai nemo ƙofar shiga.

Bari in ba ki misali. Ga ƙulli tara na gishiri, duk kamarsu ɗaya, amma guda ɗaya ya ɗan fi sauran nauyi. Ga sikeli mai faranti biyu, an ce awo biyu kacal za a yi a gano shi. Yaron da ya saba da jadawalin sau zai tsaya neman abin da zai tara ko ya raba, alhali babu. Dabarar ita ce a kasa su uku-uku. A ɗora uku a dama, uku a hagu. In wani gefe ya rinjaya, mai nauyin yana can, in kuma sun yi kunnen doki, yana cikin ukun da aka bari a ƙasa. Daga nan sai a ɗauki biyu cikin ukun nan a sake gwadawa. Abin da nake so yaro ya gane a nan shi ne, ƙullin da ba a ɗora a sikeli ba ma yana ba da labari. Wannan irin tunani ake aunawa a gasa.

Haka abin yake har can sama. Gasar Olamfiyad ta lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959, tambayoyi shida ne kawai cikin kwana biyu, kowace rana awa huɗu da rabi a kan tambaya uku, kuma hujjar da ɗalibi ya rubuta ake ba maki. A Nijeriya Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ce ke shirya gasar tace ɗalibai. Akwai kuma Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin, amma ta 'yan sakandare ce, kuma sauri yana da muhimmanci ƙwarai a cikinta. Yaronki yana da sauran lokaci kafin ya kai nan, don haka kada ki yi masa gaggawa.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu iyaye ke ɗaukar wannan fanni kamar kayan Turawa. A Katsina aka yi Malam Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan yadda ake tsara hatimi na lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ki zana wa yaronki gida tara, uku a tsaye uku a kwance, ki ce ya zuba 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, har na karkace, zai ba da jimla ɗaya. In ya samu, kada ki tsaya nan, ki tambaye shi me ya sa jimlar ta zama 15. Lambobin gaba ɗaya 45 ne, layi uku ne suka raba su, kowanne 15. To me ya sa dole 5 ce a tsakiya? Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowace lamba sau ɗaya, ita ta tsakiya kuwa sau huɗu. Rarar 15 da aka samu a kan 45 ke nan ta tsakiya ce sau uku, wato 5. Ranar da yaro ya faɗi wannan da bakinsa, ya shiga fagen.

Ki kuma duba Turanci. Yawancin takardun gasa da shi ake rubuta su, kuma na ga yara da dama sun faɗi saboda ba su bambance kalmar da ke nufin "aƙalla" da wadda ke nufin "bai wuce" ba. Ki sa ya karanta tambaya, ya rufe takardar, ya maimaita miki ita da Hausa. In ya kasa, ba a lissafin ya tsaya ba tukuna.

A gida tambaya ɗaya a rana ta isa, bayan ya dawo daga Islamiyya ya huta. Abu mafi wuya gare ki shi ne yin shiru. In ya cije, kada ki ba shi amsa, kada kuma yayyensa su ba shi. Ki ce ya zana, ko ya jera duwatsu da murafen kwalba, ko ya gwada da ƙaramar lamba tukuna. Ya kwana da tambaya ba laifi ba ne. In akwai dattijon da ya iya dara a gidanku, ki roƙe shi ya riƙa zama da shi, domin dara tana koya wa yaro hango abin da zai biyo baya kafin ya ɗaga hannu.

Yau da daddare ki fara masa da wannan: mutum ne zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalen kuma shi da abu ɗaya kawai yake ɗauka. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta, in ya bar akuya da harawa, ta cinye. Ƙetarawa bakwai ake yi. Idan ya kwana biyu bai samu ba, ki tambaye shi kawai ko an hana mutumin dawowa da abin da ya riga ya kai.