Shin yawan maki ya isa a auna gad na jami'a?

Malam, ka tambaya ko yawan makin da gad, wato mai riƙe ƙwallo yana rarraba ta, yake ci a gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ya isa shaidar cewa zai yi fice a NBA, wato gasar ƙwararru ta Amurka. A ganina bai isa ba. Jimmer Fredette ya riƙa cin kusan maki 29 a kowane wasa a shekararsa ta ƙarshe a jami'ar BYU, aka ɗauke shi na 10 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA a 2011, amma bai samu gindin zama ba, musamman saboda raunin tsaronsa. Stephen Curry na kwalejin Davidson kuwa, wanda aka raina jikinsa, ƙungiyar Golden State ta ɗauke shi na 7 a 2009, kuma ya yi fice sosai a NBA.

Ni na fi lura da abin da yaro yake yi idan mutum biyu suka rufe shi, ko yana ɗaga kai ya hango abokinsa, ko ya daburce ya zubar da ƙwallo. A NBA daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa, ba 30 ba kamar a jami'a, kuma layin maki uku ya ƙara nisa da kusan rabin mita.