Amsa: Kula da tsohuwar Peugeot 504 Coupé a Garwa

Alhaji, Allah ya sa alheri. Ka ce ka sayi 504 Coupé ta 1975, kana tambayar ta ina za ka fara kula da ita.

Fara da lagireto. Zafin Garwa a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, tsohon tiyo kuwa ba ya sallama kafin ya fashe. Matsa shi da hannu in inji ya huce. In ya yi laƙwas ko ya tsattsage, canza. A canza baƙin mai duk kilomita 5,000, ko shekara-shekara in ba ta fita sosai. Da hunturu a riƙa kakkaɓe filtar iska.

Fetur ɗin kwalba na bakin titi fa, guje shi. Ni dattinsa ya taɓa tsayar da ni a hanyar Marwa, rana tsaka. Man birki kuma, a canza shi duk shekara 2.