Ba rashin iyawa ba ne, da gangan suke zana mutum a karkace

Ɗan'uwa da ka tambaya me ya sa zanen mutanen Masar na dā duk iri ɗaya ne, fuska a gefe ƙirji a gaba, ko dai basu iya zane ba ne, wallahi nima haka na ɗauka kafin in je karatu Alkahira. Abin da ya canza min tunani wani gunkin katako ne a gidan tarihi na Tahrir, sunan mai shi Ka'aper amma kowa Shaikul Balad yake ce masa, wai ma'aikatan da suka tono shi a Sakkara ne suka ga ya yi kama da dagacinsu sai suka laƙaba masa. Mutum ne mai tumbi da kumatu, idonsa na dutse mai sheƙi an zagaye da tagulla, na tsaya gabansa sai na ji kamar zai tambaye ni daga ina. Shekara kusan 4500 fa. Wanda ya sassaƙa wannan ai ba za ka ce bai san yadda jikin mutum yake ba.

To abin shine su zane ba don ado suke yinsa ba, aiki yake musu. A aƙidarsu (Allah ya tsare mana imaninmu, bayani kawai nake) wani ɓangare na ran mamaci da suke kira Ka yana buƙatar jikin da zai zauna, in gawa ta lalace hoton ne madadinta, don haka kowace gaɓa sai an nuna ta ta inda ta fi fitowa cikakkiya. Hanci ta gefe ake gane shi, ido kuma ta gaba, kafaɗa ta gaba don hannu biyu su fito, ƙafa ta gefe. In ka zana mutum hannu ɗaya ya ɓuya ai ka tura shi lahira da hannu ɗaya kenan a wajensu.

Kuma da ma'auni suke yi. A kabarin sarki Horemheb da ke Kwarin Sarakuna a Luksor ba a gama aikin ba aka rufe, har yanzu kana ganin layukan da suka ja a bango, da zanen farko da jan tawada, sannan babban maigida ya bi ya gyara da baƙi, kai kace malamin allo ne ke duba rubutun almajiri. Layukan nan suna raba bangon gida-gida, jikin mutum gida 18 ne daga tafin ƙafa zuwa goshi inda gashi ya fara, haka yaro zai koya wajen ubangidansa shima ya koyar, shi ya sa allon dutse na sarki Narmer na wajen 3100 kafin haihuwar Annabi Isa da zanen da aka yi bayan shekara dubu biyu kamar hannu ɗaya ne.

Girma ma matsayi ne ba tsayi ba, je Abu Simbel ka ga gunkin sarki Ramsis na biyu mita 20 a zaune, matarsa ko gwiwarsa bata kai ba. Launi haka, maza ja-ja mata fatsi-fatsi, baƙi kuma alheri ne wajensu don shine kalar ƙasar da kogin Nilu ke bari bayan ambaliya. Har buzuzu mai mirgina kashi sun ɗauke shi alamar fitowar rana.

Amma kar ka ce sam bai taɓa canzawa ba. Wajen 1350 kafin haihuwar Annabi Isa sarki Akhenaten ya zo ya watsar da sauran gumaka ya ce rana kaɗai, ya gina sabon birni a Amarna, zane ya juye gaba ɗaya, ga dogon kai ga tumbi ya zazzago ga sarki zaune yana wasa da 'ya'yansa mata, abin da ba a saba gani ba. Gunkin kan matarsa Nefertiti ɗin nan da ke Balin a Jamus daga can aka tono shi a 1912. Akhenaten na mutuwa aka koma gidan jiya, amma ɗan sauran salon ya rage a kujerar zinare ta sarki Tutankhamun, matarsa na shafa masa turare a kafaɗa shi kuma ya kishingiɗa, in ka samu hoton ka zuƙo wajen ƙafafunsu, takalmi ɗai-ɗai ne kowa ya saka.