Zauren Tambaya: Maƙwabciyata Bajamushiya tana zuro mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, na biyo maigidana birnin Stuttgart da yaranmu biyu, wata na bakwai ke nan. Akwai wata tsohuwa a ƙasan benenmu da ke zuro mana takarda ta ƙarƙashin ƙofa: wai yara na guje-guje da dare, wai na kunna injin wanki ran Lahadi, wai ban raba shara daidai ba, ban kuma share matakala ba. Da Babbar Sallah na kai mata cincin da dambun nama, ta ce ta gode amma ba ta so. Wallahi sai da na yi kuka. Maigida ya ce haka suke, in share kawai. Ni dai gani nake don mu baƙaƙe ne, ga kuma hijabi. Ni kaɗai nake wuni, babu mai sallama. Zuciyata ta fara raya mini in koma gida.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da haƙuri. A dawo miki da kwano yadda kika kai shi, abu ne mai ciwo, kuma kukanki bai zama laifi ba. Amma ban yarda da maigida ba da ya ce ki share. Takardar nan ba ta sharewa ba ce, ta karantawa ce, domin kusan duk abin da ke cikinta yana rubuce a wani wuri.

Ki ce ya ɗauko yarjejeniyar hayar gidan. A jikinta, ko a bangon matakala, za ki ga dokokin zaman gida, abin da suke kira Hausordnung. A Jamus daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, Lahadi da ranakun hutu kuwa ana so a wuni babu ƙara, shi ya sa ma kantuna suke rufe. Injin wanki ran Lahadi ya danganta da dokar gidanku, sai ki duba. Matakala kuma, Allah ya kai ki cibiyar abin: mutanen yankin Stuttgart sun shahara da Kehrwoche, wato kowane gida da makonsa na sharar matakala, wani lokaci har bakin titi. Sau da yawa akwai ɗan allo da ake ratayawa a ƙofar mai mako. In kin taɓa ganin wani abu rataye a ƙofarki kin ɗauka ado ne, to aikinki ake tuna miki.

Shara ma ba tsurku ba ne. Robobi da gwangwanaye suna shiga jaka mai ruwan ɗorawa, takarda da kwali wurinsu daban, ɓawon doya da ragowar abinci daban, kwalabe kuma a kai su manyan akwatunan unguwa, fara da kore da ruwan ƙasa kowace da ramin ta. Gorar ruwa da ta lemo kada ki zubar, ki mayar kanti, yawancinsu za a dawo miki da santi 25 a kan kowace. Abin da ya sa tsohuwar ta damu shi ne, kuɗin kwashe shara raba shi ake yi tsakanin masu haya. Idan aka cakuɗa, masu kwasa suka ƙi ɗauka, ƙarin kuɗin har da aljihunta.

Game da yara, gaskiya tana ɓangarenki fiye da yadda kike zato. Kotunan Jamus suna sassauta wa hayaniyar yara ta yau da kullum, kuma babu mai hana jariri kuka da dare. Tsalle-tsalle bayan ƙarfe 10 ne za ki hana. Ki shimfiɗa kafet mai kauri, ki saya musu silifa mai laushi. Amma don Allah kada ki dake su don su yi shiru. Tun shekarar 2000 doka ta haramta dukan yaro ko a gidan ubansa, kuma maƙwabci na iya kiran hukumar kula da yara.

Yanzu ga kwanonki. A wurinmu, mayar da kyauta yanke zumunci ne. A wurinsu, wanda ba zai ci abu ba ya faɗa kai tsaye shi ne mai gaskiya, karɓa a zubar a bayan ido kuwa shi ne abin kunya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Tsohuwa ce, ba ta san dambun nama ba, ba ta san me ke ciki ba, kuma an buga mata ƙofa ba ta shirya ba. Lokacin da nake zaune a birnin Köln na Jamus ina da maƙwabciya irin wannan, gaisuwarta ba ta wuce kalma ɗaya. Mai kawo saƙo ne ya haɗa mu: ya zo ba ta nan, ya bar kwalinta a hannuna, da yamma na kai mata. Haka muka yi ta yi. Wata rana sai ga ta a ƙofata da makullin gidanta ɗaure da jan zare, da takarda ta rubuta wace fulawa ake ba ruwa kullum, wace ce sai bayan kwana uku, za ta je wurin 'yarta. Bajamushe ya ba ki makullinsa, ya ba ki abin da ba ya ba kowa.

Don haka ki fara da matakala. Idan makonki ya zo ki share ta fes. Sannan ki rubuta 'yar takarda, maigida ya taimaka da Jamusancin, ki ce kin ga saƙonta, kina gayyatarta shan gahawa da kek rana kaza ƙarfe uku na yamma. Ki sa rana da lokaci, domin "ki leƙo mana wata rana" ba gayyata ba ce a kunnensu. Ki kira ta da Frau, wato kamar a ce Malama, da sunan danginta, kada ki saki baki da "du", wato "ke" ta waɗanda aka saba da su, sai ita ta fara.

Ba zan ce miki babu wariya a Jamus ba. Akwai, kuma mai hijabi ta fi saurin gamuwa da ita. Ga yadda za ki gane: idan kin kiyaye dokokin amma takardu ba su daina ba, ko an ambaci fatarki ko addininki, ko ku kaɗai ake wa magana alhali kowa na yi, wannan ba al'ada ba ce. Ki adana takardun da kwanan wata. Tun 2006 akwai dokar hana wariya, akwai ofisoshin kai ƙorafi, akwai ƙungiyar masu haya da ke ba mambobinta shawarar lauya. Abin da kika lissafa mini dai bai kai nan ba tukuna.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wunin da kike yi ke kaɗai. Ga hunturu, a Disamba kafin biyar na yamma gari ya yi duhu. Ki nemi gurbi a kwas ɗin sajewa, awa 600 na harshe da awa 100 na sanin ƙasa, a Volkshochschule, wato makarantar koyar da manya, ko wata makaranta kusa da ku. Caritas da Diakonie, ƙungiyoyin agaji na coci, suna ba baƙi shawara kyauta, ba sa tambayar addininki. Shagon Turkawa da kike sayen naman halal, ki tambayi matan da kike gani a can wane masallaci suke zuwa. Malam kuma, in kana karantawa, kai ka riga ta zuwa kana da abokan aiki, ita ba ta da kowa sai kai. Ranar da ba ka aiki ka riƙe yara ta fita.

Maganar komawa gida ki jingine ta, kada ki yanke ta cikin sanyin nan. Ki bari ki fara kwas, bakinki ya ɗan buɗe, sannan ku zauna da maigida. Ki sake rubuto mini in ji ko tsohuwar ta amsa gayyata.