Amsa: Daga Zariya zuwa Yusufari a bas mai katifa

Salam ɗan'uwa, ka ce kana so ka cire kujerun Hiace ɗinka ka shimfiɗa katifa da risho ku tafi ganin tuddan rairayin Tulo-Tulowa da ke yankin Yusufari a jihar Yobe, wallahi shawarar ta burge ni, na bi hanyar sau biyu.

Ka tashi daga Kwangila da asuba, Kano, Haɗeja, Nguru, Gashuwa, sai Yusufari. Ka bari sai damina ta ɗauke, Nuwamba zuwa Janairu, amma fa ka riƙe bargo don sanyin dare a can ba wasa. Jarka biyu ta mai, safaya taya biyu, fanbel, ruwan sha mai yawa, da tsabar kuɗi saboda netwok yana ɗaukewa mai POS ya ce maka sai haƙuri.

Abin da nake roƙonka shi ne kar ka shiga rairayi da bas ɗin nan, mu tamu ta kafe har gindi muka yini muna haƙa da hannu muna tura kirare ƙarƙashin taya, ka ajiye ta a gari ku ɗauki Hilux da ɗan gari. Kuma magariba ta yi maka a cikin gari, ka gaida mai unguwa ka tambayi labarin hanyar gaba kafin ka kwanta.

Allah ya kai ku lafiya.