Tabar Kuba a hunturun Kano: me ya sa take tsagewa, kuma yaya za a ceto ta?

Tambaya: Wani abokin kasuwancina ya kawo mini tsarabar taba mai naɗin ganye irin ta Kuba, kara 25, haɗe da akwatin katako na ajiyarta mai ɗan agogon auna danshi a jikin murfi. A Kano nake zaune. Da hunturu ya kama sai na ga bayan wasu yana tsagewa, in ka taɓa suna ƙaras-ƙaras. Na jiƙa soson da ke cikin akwatin sharkaf da ruwan leda, agogon ya haura 80, yanzu kuma ga wani fari-fari ya fito a jikin guda biyu. Shi ke nan ta lalace?

Amsa: Ba duka ta lalace ba, Malam, amma ka haɗa mata wahala biyu a jere: ta sha ƙishirwa, sannan ka yi mata ambaliya. Fara cire soson nan tukuna, sai mu yi magana.

Wannan taba ba irin sigarin kwali ba ce da ake yankawa ƙanana a naɗe da takarda. Ganye ne zalla hawa uku: na ciki da aka dunƙule, na tsakiya da ya ɗaure shi, sai na waje, siriri kamar ɓawon albasa. Ganyen yana shan ruwan da ke cikin iska, yana kuma sakin nasa idan iskar ta fi shi bushewa. Da ya bushe sai na wajen ya yi ƙamas. Da ka ba shi ruwa da yawa lokaci guda sai na cikin ya kumbura, na wajen kuwa bai gama laushi ba, dole ya yage. Ina kyautata zaton wasu tsagun bayan jiƙa soson suka fito, ba kafinsa ba.

An noma ganyen, an shanya shi, an naɗe shi a ƙasar da iska ba ta rabuwa da laima. Mafi shaharar gonakin suna yankin Pinar del Río a yammacin Kuba. Kamfanin Habanos, mai fitar da tabar Kuba zuwa duniya, ya ce a ajiye ta a danshin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas. Amurkawa kuma suna da tasu ƙa'ida mai sauƙin haddacewa, danshi 70 da zafi 70 a nasu ma'aunin, wato wajen digiri 21 a namu. To, ka auna wannan da Kano. Da rana a watan Janairu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙafa ke yin faso. A Agusta kuma da safe yakan kai 80, gishiri ya dunƙule a kwano. Ke nan akwatinka yana bukatar abin da zai ba da ruwa a rani ya kuma kwashe shi a damina. Soso bayarwa kawai ya iya.

Akwai kuma laifin akwatin kansa, kuma nan ne yawancin sababbin hannu ke faɗuwa. Ana shimfiɗe cikinsa da wani katako da ake kira sidar Sifen, duk da cewa ba daga Sifen yake ba, itacen yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma ɗan dangin maɗaci da darbejiya ne. An zaɓe shi don ƙamshinsa da yadda yake riƙe laima. Amma sabon akwati da ƙishirwa yake zuwa. In ka zuba masa taba ba ka fara shayar da shi ba, ruwan jikin tabar zai fara tsotsewa. Shayarwar kuwa ba da goga masa jiƙaƙƙen tsumma ba ce, wannan yana sa katako ya tashi ko ya karkace. A bar shi babu komai a ciki, a sa ɗan kofin tataccen ruwa, wato wanda aka tara daga tururi, a rufe, a ƙyale shi kamar mako biyu.

Kafin ka yarda da 80 ɗin nan ma, gwada agogon. Irin mai allura da ake liƙawa a murfi ado ya fi yi, yakan yi kuskuren maki biyar ko goma ba tare da kunya ba. Gwajin a kicin ake yinsa. Cika murfin kwalba da gishirin miya, ka ɗiga ruwa kaɗan har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, kada ya narke. Saka shi da agogon a leda mai zif, ka rufe, ka bari ya kwana ya wuni. Jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri yana tsayar da danshi a kashi 75, ɗabi'arsa ce. In agogon ya nuna 82, ka san yana ƙara bakwai. Ka riƙa ragewa, ko ka sayi ƙarami mai lambobi, shi ma ka yi masa gwajin.

Yanzu ga abin da zan yi da ni ne. Zan ware biyun nan masu fari-fari. A danshi 80 kada ka bari wani ya ce maka alamar tsufa ce mai kyau, fumfuna ce. In a jikin ganyen waje kawai take, a share da busasshen ƙyalle mai laushi, a ajiye su daban a ga ko za ta dawo. In ta shiga buɗaɗɗen bakin nan da ake kunnawa, ko ta yi kore ko shuɗi, a jefar, babu wata dabara. Akwatin a buɗe shi ya sha iska, soson kuma a yar da shi, don ruwan leda da na famfo suna da gishirin ƙasa da ƙwayoyin da ke haifar da fumfuna. Tataccen ruwa, wanda aka tara daga tururi, shi ake so. Ana samu a kemis. Ka yi hattara da abin da ake sayarwa da sunan ruwan batir, wani akwai asid a ciki.

Sauran 23 ɗin zan zuba su a robar abinci sabuwa mai murfi da ke kamawa gam, wadda ba ta taɓa ganin daddawa ko yaji ba, domin taba tana ɗaukar wari kamar madara. Na san abin ba kyan gani. Mutum yana da akwati mai sheƙi, an ce ya koma roba. Amma akwatin katako yana numfashi, kuma a hunturu numfashin nan asara ce. Gwada naka: sa takardar kuɗi a bakinsa ka rufe, ka ja. In ta zare salin-alin, iska ma haka take fita. Wanda ba ya son rabuwa da akwatinsa sai ya saka shi ɗungurungum a cikin kula mai murfi.

A cikin robar zan sa jakar Boveda. 'Yar jaka ce mai ruwan gishiri a ciki, tana ba da laima in iska ta bushe, tana tsotsewa in ta yi yawa, kuma an rubuta lambar da take tsayarwa a jikinta: akwai 62, 65, 69, 72, 75, da 84 ta shayar da sabon akwati. Mai giram 60 guda ɗaya ake lissafa wa wurin kara 25. In ta yi tauri kamar busasshen ƙuli ta ƙare. A ƙasarmu 65 nake zaɓa, don zafi da laima in sun haɗu su ne ke kawo ɓarna, kuma taba a 65 ta fi cin wuta daidai. Ka ba ta mako uku ko huɗu, kana juya karan sau ɗaya a mako, kada ka riƙa buɗewa kullum kana leƙe. Tambayi duk mai sayar da goro: ba yawan yayyafi ke raya huhun goro ba, rufewa ce da dubawa a kan kari.

Sai dai in gaya maka gaskiya, abin da ya fi ba ni tsoro ba hunturu ba ne, Maris da Afrilu ne. Akwai ƙwaron taba, ɗan ƙarami ja-ja, bai fi ƙwayar riɗi ba, wanda ƙwansa kan zo a cikin ganye tun daga can. Yana kwance lafiya in akwai sanyi. Da zafi ya wuce digiri 23 ko 24 tare da laima sai ya ƙyanƙyashe. Alamarsa 'yan huji kamar na tsinken allura da baƙin gari a ƙasan akwati, kwatankwacin sankara a goro, kuma daga kara ɗaya yake bin sauran. Ɗakin Kano a bazara, in aka ɗauke wuta, ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Maganinsa daskarewa: a sa tabar a leda mai zif ninki biyu, a matse iskar, ta kwana a firji, ta yi kwana uku a firiza, ta sake kwana a firji, sannan a bar ta ta huce a ɗaki kafin a buɗe ledar. Kwana ukun nan dole firizar ta kasance a daskare, ba wadda ke narkewa da rana ba; in wutarku ba ta da tabbas, nemi mai sola. Amma firji ba wurin zama ba ne, iskarsa busasshiya ce kuma ga warin miya. Wurin zama shi ne ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa, cikin kwaba, nesa da taga da bangon da rana ke duka.

Ba zan ɓoye maka ba, naɗin ganye bai sa ta zama mai lafiya ba. Kara ɗaya babba yana ɗauke da tabar da ta ninka ta sigari sau da yawa, kuma ko ba a zuƙa har huhu ba, baki da maƙogwaro suna karɓar rabonsu. Wannan tsakaninka da likitanka ne.

Game da waɗanda suka tsage, tsaguwa ba ta haɗewa. In ƙarama ce kusa da bakin da ake kunnawa, za ta ƙone ta wuce. Abin da ba ya dawowa shi ne man ganyen da ke ba ta ƙamshi, in ta yi watanni a bushe. Taka makonni ta yi, don haka akwai fata. Bayan wata guda ka matsa kara ɗaya a hankali tsakanin yatsa biyu: in ya ɗan lotsa ya dawo ba tare da ƙara ba, ya farfaɗo. In har yanzu yana ƙaras, canza jakar zuwa 69 ka ƙara masa mako biyu.