Ki je, amma kada ki kwashi kaya tukuna

'Yar'uwa da kika ce an tura ki asibitin ƙauye, kina tambaya ki tafi ko ki nemi a sauya miki wuri, wallahi sai na ji kamar ni na rubuta.

Ni a shirin MSS na gwamnatin tarayya, na tura ungozomomi asibitocin ƙauye, wanda aka fara a 2009, aka tura ni. A takarda lafiya lau: tarayya ta biya kasonta na alawus, jiha ta biya nata, ƙaramar hukuma ta cika ta kuma ba da masauki. Masaukin? Ɗakin ajiyar magani aka share mini, ƙofarsa da igiya ake ɗaurewa. Akwai wani jami'i, shi da Allah. Kullum na je sai "Hajiya a yi haƙuri, ciyaman ya yi tafiya." Rannan har cewa ya yi ai mu muka zaɓi aikin taimako, alhali 'yar ƙanwarsa da muka gama makaranta tare tana cikin gari, ƙafarta ba ta taɓa taka ƙauye ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wani dare da damina jini ya ɓalle wa mai haihuwa. Ba wuta, rafi ya cika, mota ba ta ƙetarewa. Mijinta na haska mini da fitilar waya, hannunsa na rawa, nawa ma na rawa. Misoprostol ɗin da ya rage, maganin tsayar da jini bayan haihuwa, na ba ta, ina murza mara ina salati. Allah ya yi da sauran kwananta.

Duk da haka ki je. Amma ki fara ganin ɗakin da idonki. Ki gaida mai gari da kwamitin mazaɓa mai kula da asibitin, su ne suka gyara mini ƙofa, suka haɗa ni da direban da ake tasa da dare. Ungozomar gargajiya kada ki raina ta, ita ke kawo miki mata awo. Ki kuma bi sawun alawus ɗinki na ƙauye tun watan farko.

Masu tura mu ƙauyen nan kuma ina ma su riƙe tsarin shirin nan na Women for Health, da ya ɗauko 'yan matan ƙauye a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, aka share musu fage suka karanci ungozoma don su koma garuruwansu. 'Yar gari ba ta neman masauki.

Kina da goyo? Ki faɗa mana, don wannan wata maganar ce daban.